Hukuncin Tafiya Hutu Tsibirin Kubrus Ga Wanda Zai Tsara Tafiyar Da Kansa

TAMBAYA:

Ni ɗan kasuwa ne a Maigatari, ina harkar riɗi da zoɓo. Bana Allah Ya buɗa mini, ina son in kai maiɗakina hutun mako biyu a tsibirin Kubrus da ke Tekun Bahar Rum. Ba ta hannun kamfanin shirya tafiya za mu bi ba, ni zan tsara komai. Ya halatta? Me zan kiyaye?

AMSA:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Asalin tafiya halal ne, hukuncinta kuwa yana bin niyya da abin da za a tarar a can. Tunda kai za ka zaɓi gari da masauki da lokaci, duk abin da idon iyalinka ya gani da abin da ya shiga cikinsu yana wuyanka.

Na farko, haƙƙoƙi. Idan ba ka sauke farali ba, kuma kuɗin nan za su kai ka Makka, to Hajji ne a gaba. Ka fitar da zakkar kasuwancinka. Idan akwai manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar da ka ɗauki riɗinsa bashi kuma lokacin biya ya yi, ka sallame shi tukuna, domin hadisi ya tabbata cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne.

Na biyu, wurin da za ka sauka. Malamai sun yi saɓani kan zuwa ƙasar da ba ta Musulmi ba don shaƙatawa. Shaikh Ibn Usaimin ya gindaya sharaɗi uku: ilmin da zai kare mutum daga shubuha, addinin da zai hana shi bin sha'awa, da buƙatar tafiyar, kuma bai lissafa yawon buɗe ido cikin buƙata ba. Wasu sun sauƙaƙa ga wanda zai iya bayyana addininsa, ya kuma nesanci wuraren saɓo. Kubrus kuwa tun 1974 a rabe take. Arewa na hannun Turkawa Musulmi, ƙasar Turkiyya ce kaɗai ta amince da gwamnatinsu, jiragen da ke sauka filin Ercan ma ta Turkiyya suke bi. Kudu na Girkawa ne Kiristoci, tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, kuma ba ta yarda da shigowa ta filin Ercan ba. Don haka ka tsai da ɓangaren da za ka je kafin ka sayi tikiti. Arewa ta fi maka sauƙin masallaci da abinci. Haka ma tsibirin Jarba na ƙasar Tunisiya, in kana son fita daga saɓanin.

Na uku, biza. Ka faɗi gaskiya a takardun da za ka cike, ka kuma dawo kafin wa'adi ya cika. Biza alkawari ce. Wanda ya rubuta hutu alhali niyyarsa ya ɓuya ya nemi aiki, ya haɗa ƙarya da saɓa alkawari.

Na huɗu, lokaci. Daga Yuni zuwa Agusta bakin teku cike yake da tsiraici, garuruwa irin su Ayia Napa kuma sun shahara da gidajen rawa da giya. Ka nemi watan Maris ko Nuwamba, ka kama masauki kusa da masallaci.

Na biyar, salla. A mazhabar Malikiyya ana yin kasaru a tafiyar mil 48, tafiyar Maigatari zuwa Kano kaɗai ta wuce haka. Sai dai Khalil a Mukhtasar ya cire mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa zalla, don haka ka kyautata niyya: faranta wa iyali da lura da halittar Allah. Idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya, da isarka za ka cika salla, ka kuma halarci Juma'a. Ka lura da alƙibla. Mu a ƙasar Gumel gabas muke fuskanta da ɗan karkata arewa, amma a Kubrus kudu ake kallo da ɗan karkata gabas. Lokutan salla ma ka bi na masallacin garin, don a watan Yuni yininsu ya haura awa 14.

Na shida, abinci. Yankan Ahlul Kitabi halal ne a asali, amma naman alade ya yawaita a kudu, ana kuma sa giya a wasu girke-girke. Ka tambaya kafin ka ci. Inda ka yi shakka, kifi da sauran dabbobin ruwa sun ishe ka, halal ne ba sai an yanka ba.

Na bakwai, ziyara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi barci a gidan Ummu Haram bint Milhan, 'yar'uwar mahaifiyar Anas bn Malik, aka nuna masa wasu daga al'ummarsa suna hawa teku don ɗaukaka addini. Ta roƙi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu, ya yi. A zamanin Sayyidina Usman, wajen shekara ta 28 bayan hijira, ta fita tare da mijinta Ubada bn Samit cikin rundunar Mu'awiya zuwa Kubrus, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Kabarin da ake jingina mata yana masallacin Hala Sultan, kusa da Larnaka a ɓangaren kudu. In hanya ta kai ka, ka yi mata sallama da addu'a. Kada ka roƙe ta komai, kada ka shafi kabarin don neman tabarruki.

Idan ka cika waɗannan, tafiyarka ta halatta a wurin malaman da suka sauƙaƙa, kana kuma iya samun ladan kyautata wa iyali. Idan ka san ba za ka iya kame idonka ko tsare sallarka ba, ka juya kuɗin zuwa Umara tare da maiɗakinka.

Wallahu a'alam.