Aika kaya daga Nima zuwa Turai da Amurka: wa ke biyan haraji?

Teloli da ƙananan 'yan kasuwa a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra kan samu ciniki ta WhatsApp daga 'yan'uwa mazauna Bronx, Landan, Jamus da Italiya. Kaftani, batakari, man kaɗanya da sabulun salo na cikin abubuwan da ake aikawa. Saɓani tsakanin mai kaya da mai saye kan taso ne bayan kaya sun sauka, sa'ad da kamfanin aike ya ce sai an ƙara kuɗi kafin ya miƙa su.

Wannan kuɗi ba Ghana ke karɓa ba. Dokar ƙasar ta sanya sifili a matsayin harajin VAT, wanda ake kira TVA da Faransanci, a kan kayan da aka fitar waje. Manyan kaya da ke bi ta tashar ruwa ta Tema ana bayyana su a tsarin ICUMS, wanda kwastan na hukumar GRA ke aiki da shi tun 2020. Ƙaramin ƙunshi kuwa, fom ɗin CN22 ko CN23 ake cikewa a gidan waya.

Ƙasar da kayan za su sauka ita ke da magana. A da, Tarayyar Turai ba ta karɓar VAT a kan ƙunshin da bai wuce yuro 22 ba, amma ta soke wannan rangwame daga 1 ga Yulin 2021. Yanzu ko hula ɗaya aka sayar, haraji ya hau kanta: kashi 20 cikin ɗari a Faransa, 19 a Jamus, 22 a Italiya. Kuma lissafin ya haɗa da kuɗin aike. Idan kaftani da kuɗin jigilarsa zuwa Paris sun kama yuro 100, mai saye zai biya yuro 20, ban da ladan da kamfanin aike ke ɗorawa na fito da kaya. In ya ƙi karɓa, kayan su dawo Accra ko su salwanta, asara kuma ta faɗa kan telan da ya riga ya kashe kuɗin yadi. Akwai tsarin IOSS na biyan VAT tun wajen ciniki ga kayan da ba su haura yuro 150 ba, sai dai rajistarsa ta yi wa mai keken ɗinki ɗaya nauyi. Abin da ya fi sauƙi shi ne a faɗa wa mai saye tun kafin ya turo kuɗi cewa harajin can yana wuyansa.

Kuɗin fito daban ne da VAT. Yarjejeniyar kasuwanci tsakanin Ghana da Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2016, ta ɗauke shi daga kayan da asalinsu na Ghana ne, muddin akwai shaidar hakan. Man kaɗanyar Tamale ya shiga ciki, amma abayar da aka saro daga Dubai ba ta shiga ba.

Birtaniya tana da nata tsarin tun Janairun 2021: idan kaya ba su wuce fam 135 ba, mai sayarwa ne ya kamata ya karɓi VAT ya miƙa wa hukumar harajin ƙasar. Amurka kuma ta dakatar da rangwamen kayan da ba su wuce dala 800 ba daga 29 ga Agustan 2025.

Wasu kan rubuta "kyauta" a fom don kauce wa haraji. Rangwamen kyauta na tsakanin mutum da mutum ne, ba ciniki ba, kuma yana da iyaka: yuro 45 a Tarayyar Turai, fam 39 a Birtaniya, dala 100 a Amurka. Kilishi kuwa, ko kyauta ne ko saye, Tarayyar Turai ta hana aika nama ga mutum ta gidan waya daga ƙasashe irin su Ghana. In aka gan shi, ƙwacewa ake yi a lalata.