Yadda Na'ura ke Ƙirga Haruffa da Kalmomi

Ƙirga rubutu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke zaune a ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, marubuta waƙoƙi kan rufe waƙa da ramzi, wato su saƙa shekarar da suka yi ta cikin 'yan haruffa, tun da alif na daidai da 1, ba 2, jim 3, dal 4. Malamin wancan zamani ya san abin da yake ƙirgawa. Ɗalibin yau kuwa, a Rabah ko Goronyo, waya ko kwamfuta ce ke yi masa ƙirgar, kuma sau da yawa bai san ƙa'idar da take bi ba.

Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowace alama da aka danna, har da fili tsakanin kalmomi da waƙafi da aya, lamba ce guda a wurinta. Saboda haka "sh" da "ts", waɗanda malamin Hausa ke koyarwa a matsayin baƙi guda, biyu-biyu take lissafa su. A rubutun ajami ma kowane wasali da aka ɗora wa baƙi, fataha ko kisira, ƙirgarsa daban.

Inda abin ya shafi aljihu shi ne gajeren saƙon waya, wanda aka fara aikawa a Ingila a 1992, ya iso Nijeriya tare da wayar salula a 2001. Saƙo guda na ɗaukar bit 1,120, kuma bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani, 0 ko 1. Injiniyoyin Turai sun ware wa kowane harafi bit 7. In aka raba 1,120 gida 7 sai a sami 160. Amma jerin haruffan da suka tsara na harsunansu ne. Babu ƙ, ɗ da ɓ a ciki, haruffan da aka tabbatar wa Hausar boko tun shekarun 1930. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga saƙo, sai wayar ta koma wani tsari mai ba kowane harafi bit 16, iyakar ta faɗo zuwa 70. In saƙon ya zarce haka sai a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace haruffa 67.

Alal misali, ɗalibi ya rubuta wa mahaifinsa saƙo mai haruffa 150 game da farashin albasa. In babu harafi mai lanƙwasa, kuɗin saƙo ɗaya zai biya. In akwai ƙ ko da guda ɗaya ce, kuɗin uku. Hatta alamar hamza ta cikin "sana'a", in lanƙwasasshiya ce ba miƙaƙƙiya ba, tana jawo wannan asara. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutane ke zubar da lanƙwasar, har "ƙafa" ta zama "kafa", "ɗaki" ya zama "daki". A ganina uzurin ya tsaya ga saƙon waya kaɗai. Shafin X, wanda ake kira Twitter kafin 2023, ya ɗaga iyakarsa daga 140 zuwa 280 a 2017, kuma harafi guda yake lissafa ƙ. A WhatsApp kuwa ba a biyan kuɗi bisa yawan saƙonni.

Ƙirgar kalmomi ta fi sauƙi, amma ta fi yaudara. Manhaja irin Microsoft Word tana ɗaukar duk abin da fili ya raba a matsayin kalma. Wanda ya rubuta "ya na gidan sa" zai ga 4, wanda ya bi ƙa'ida ya rubuta "yana gidansa" zai ga 2. Ke nan mai kuskure ne ke cika adadi da wuri. Malamin da ya ba da insha'i mai kalmomi 300 ya kamata ya gyara rabewa da haɗewar kalmomi tukuna, sannan ya dubi lambar da na'urar ta nuna.