Furen Airis: Wani Na Son Ruwa, Wani Ruwa Ke Kashe Shi

A kowace shekara cikin watan Yuni, jama'a kan yi tururuwa zuwa lambun Horikiri da ke birnin Tokyo domin kallon furen airis, wanda ya samo sunansa daga kalmar Girkanci mai ma'anar bakan gizo. Wannan tsiro yana da iri kusan 300 a duniya, ganyensa kuwa kamar takobi yake.

Manoman fure na ƙasar Japan sun fi kula da iri uku masu kama da juna, waɗanda baƙo ba ya iya rarrabe su sai ya duba gindin furen. Na farko shi ne kakitsubata, mai farin zane, wanda ke tsayawa cikin ruwa duk shekara. Na biyu hanashobu, mai zane ruwan ɗorawa da jijiya a tsakiyar ganye. Shi ƙasa mai danshi yake so. Na uku ayame, mai zane kamar raga, wanda ba ya tsira sai a tudu.

Sanin wannan bambanci shi ne rabin aikin, domin wanda ya dasa ayame cikin tafki ya yi asara, saiwar ruɓewa za ta yi. Shi kansa hanashobu, ko da yake yana shan ruwa sosai lokacin girma, ba ya jure kwanciyar ruwa a lokacin sanyi. Haka kuma ba ya shiri da ƙasa mai farar ƙasa ko toka, sai mai ɗan tsami wadda ta sha taki. Bayan shekara 2 ko 3 akan tone saiwar a rarraba, a sake dasawa da zarar fure ya kaɗe.

Akwai kuma wani iri mai fure ruwan ɗorawa, ɗan asalin Turai, wanda aka kai Amurka domin ado. A yau ya mamaye bakin koguna da fadamu, ruwa na yaɗa irinsa, ga shi da guba ga dabbobi, har wasu jihohi sun hana sayar da shi. Duk wanda ya ga yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ya san nauyin wannan magana. Saboda haka ya wajaba ma'aikatan gona su tantance kowane tsiron ruwa tun kafin a sa shi a ƙasa.