CIWON MAƘOGWARO DA KE KOMAWA ZUCIYA

'Yan'uwa manoma, da hunturu yara da yawa sukan yi kukan maƙogwaro. Yawanci mura ce, takan wuce. Amma akwai wani iri wanda in an ƙyale shi yakan jawo zazzaɓin rumatik, shi kuwa yana iya lalata zuciyar yaro har iyakar ransa. Ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15.

Daga ina yake zuwa?

Ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Asalinsa wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira sitireptokokas. Tana bin tari da atishawa, ta fi yaɗuwa inda yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya.

Yadda jiki ke cutar kansa

Allah ya sa masu tsaro a cikin jininmu. Sa'ad da ƙwayar cuta ta shiga, sai su gane kamanninta, su ƙera makamin da ya dace da ita. Wahalar ita ce, rigar wannan ƙwaya ta yi kama da naman zuciya da na gaɓoɓi. A jikin waɗansu yara masu tsaron sukan ruɗe, kamar karen gadi da ya kori ɓarawo, sa'an nan ya juyo ya ciji ɗan gida don rigarsu iri ɗaya ce. Saboda haka ciwon ba ya fitowa sai bayan mako 2 ko 3, lokacin da maƙogwaro ya riga ya warke.

Zuciya tana da ƙofofi 4 masu hana jini komawa baya. Kumburin yakan bar musu tabo, su ƙi rufuwa sosai ko su ƙi buɗewa. Duk lokacin da ciwon ya dawo, ɓarnar tana ƙaruwa.

Alamu

Zazzaɓi, da kumburi mai zafi da ke tashi daga gwiwa zuwa idon sawu ko gwiwar hannu. Wani yaro yakan yi haki, wani kuma hannuwansa da fuskarsa su riƙa fizga ba da sonsa ba.

Me za mu yi?

1. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, musamman in babu tari ko majina, a kai shi asibiti. Yankan beli ba ya kashe ƙwayar.
2. Maganinta fenisilin ne: allura ɗaya, ko ƙwayoyi na kwana 10. A shanye su duka.
3. Wanda ya taɓa yin zazzaɓin rumatik yana bukatar allura kowane mako 3 ko 4, shekaru da yawa, ko da yana jin garau.

Kuɗin mota ne ke sa iyaye da yawa su fasa zuwa karɓar allurar. A taronku na gaba, ku duba ko asusun ƙungiya zai iya ɗauke musu wannan. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu.