NEMAN GAHAWA MAI KYAU A DANDALIN DISNEY NA AMURKA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya saba da cin goro ya san abin da ke samunsa ran da ya wayi gari babu ko ɓari a aljihunsa. Kai ya yi nauyi, hamma ta ƙi ƙarewa, ƙaramar magana ta zama faɗa. To, matsayin da goro yake da shi a wurinmu, shi gahawa take da shi a wurin mutanen Amurka, watau abin nan da galibinmu muke kira kofi ko neskafe a teburin mai shayi. Dalili kuwa shi ne sinadarin da ke cikinsu guda ne, ana ce masa kafeyin, kuma wanda jikinsa ya saba da shi, idan ya yi sa'a 12 zuwa 24 bai samu ba, ciwon kai ne zai fara yi masa sallama.

Mun ɗauko wannan magana ne saboda yanzu akwai 'yan'uwanmu da dama mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal waɗanda ke da 'ya'ya ko abokan ciniki a Amurka. In sun kai ziyara kuwa, ba a rasa wanda zai ce a kwashi yara a kai su dandalin Disney su sha kallo. Su yara lilo suka je yi. Amma babba, wanda shi zai biya kuɗi kuma ya yini a tsaye yana bin layi, abin da zai riƙe shi har dare yake nema, kuma bai kamata ya zubar da dalolinsa a kan ruwan zafi mai launi ba.

WANE IRIN WURI NE?

Dandalin Disney na farko shi ne Disneyland da ke jihar Kalifoniya, wanda aka buɗe a watan Yuli na 1955. Amma wanda ya fi girma, kuma baƙi suka fi zuwa, shi ne Walt Disney World da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida. An buɗe shi ran 1 ga Oktoba 1971, kuma faɗin filinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 100. Manyan dandali huɗu ne a cikinsa: Magic Kingdom na 1971, da Epcot na 1982, da Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998. A shekarar 2023, Magic Kingdom kaɗai ya karɓi baƙi fiye da miliyan 17.

Lokacin da aka buɗe wurin, dala 3 da rabi babba yake biya ya shiga, sa'an nan ya sayi tikitin hawa lilo daban. A yau tikitin yini guda ya haura dala 100 ga mutum ɗaya. Saboda haka ne mutane suke sammako tun kafin a buɗe ƙofa, kuma ba sa fita sai an gama wasan wuta da dare, don kowa yana so ya ci kuɗinsa. Ba abin mamaki ba ne mutum ya taka kilomita 10 a yini. Ga kuma zafin Fulorida, wanda daga Yuni zuwa Satumba yakan kai digiri 32 ko 33, da gumi irin na Ikko, da hadarin la'asar. Bugu da ƙari, agogon Fulorida yana bayan namu da sa'a 5 a lokacin zafinsu, da sa'a 6 a lokacin sanyi. Watau ƙarfe 5 na yamma a can, jikin wanda ya taso daga nan yana gaya masa ƙarfe 10 na dare ta yi.

YADDA AKA FARO

Tun farko kamfanonin gahawa suna rububin samun gurbi a waɗannan wurare, domin wanda ya samu kwangila shi ke da kasuwar duka. A Disneyland, kamfanin Hills Bros. ya riƙe gidan shan gahawa a bakin shiga daga 1958 zuwa 1976. Daga baya aka shafe shekaru masu yawa Nescafé na kamfanin Nestlé ce ake zuba wa mutane a galibin wuraren cin abinci. A wancan zamani masu ziyara da yawa sun yi ta kuka, suna cewa abin da ake ba su bai yi kama da gahawar da suka saba dafawa a gida ba. Musabbabin kuwa a fili yake. Wurin da zai shayar da dubban mutane cikin sa'a guda ba zai tsaya niƙa wa kowa nasa ba, sai dai a kawo ta a dame da kauri, inji ya riƙa sirka ta da ruwan zafi.

Sauyi ya zo ne a 2012. A wannan shekara kamfanin Joffrey's na birnin Tamfa, wanda aka kafa a 1984, ya zama shi ne mai kawo wa Disney gahawa ta musamman. A shekarar ce kuma Starbucks, wanda ya faro daga birnin Siyatil a 1971, ya buɗe shagonsa na farko a cikin dandalin Disney na Kalifoniya. A 2013 ya shiga Magic Kingdom da Epcot, a 2015 kuma ya shiga sauran biyun. Sai dai kowane ci gaba da abin da yake tafiya da shi. A Disneyland akwai wani shago mai suna Market House inda a da in ka sayi kofi ɗaya za ka yini ana ƙara maka kyauta muddin rasit ɗinka yana hannu. Da shagon ya koma na Starbucks a 2013, wannan alheri ya ƙare.

YAYA AKE GANE MAI KYAU?

Mai sayar da goro ba ya bukatar a gaya masa bambancin sabon goro da wanda ya kwana a buɗe ya yi yaushi. Ita ma gahawa haka take, kuma abu uku ake dubawa.

Na farko, irin ƙwayar. Akwai arabika, wadda asalinta daga tsaunukan Habasha ne, ta bi ta Yaman ta watsu a duniya. Tana da ƙamshi, ɗacinta kuma da sauƙi. Akwai robusta, mai ɗaci da ƙarfi, wadda kafeyin ɗinta ya kusa ninka na arabika, kuma ita aka fi sa wa a garin nan da ake damawa nan take.

Na biyu, lokacin da aka niƙa ta. Da zarar an niƙa ƙwaya, ƙamshinta ya fara gudu ke nan. Saboda haka in ka isa rumfa, ka kasa kunne. In ka ji ƙarar injin niƙa, ka ga kuma ana haɗa wa kowa nasa a gabansa, to ka zo wurin da ya dace. Abin da ake kira esfireso, watau 'yar kaɗan mai kauri da inji yake matsowa da ƙarfin ruwan zafi, dole sai an zo saye ake yin ta. Wanda ya ga ta yi masa ƙarfi sai ya ce a ba shi amerikano, watau esfireso da aka ƙara wa ruwan zafi, ko kuwa latte, wadda aka cika da madara.

Na uku, daɗewarta a tukunya. Gahawar da aka tace aka bari a kan wuta, bayan kamar rabin sa'a takan fara ɗaci da ƙauri. Babu laifi ka tambayi mai sayarwa yaushe aka dafa. A can wannan tambaya ba rashin kunya ba ce.

INA ZA A NUFA?

A Magic Kingdom, shagon Starbucks yana cikin Main Street Bakery, a kan babban titin da kowa yake bi in ya shigo. Wannan ya sa da safe layinsa yakan yi tsawo ƙwarai, a daidai lokacin da layin lilo yake gajere. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Dabara ita ce mutum ya sha tasa tun daga masauki, ya shiga da yara su hau abin da za su hau, sai hantsi ya dubi ludayi ya nemi rumfar Joffrey's da ke ɓangaren Tomorrowland.

Epcot ya fi ko'ina zaɓi. A can an kewaye wani tafki da unguwanni 11, kowace da ginin ƙasa guda da abincinta. Unguwar Faransa tana da gidan burodi mai suna Les Halles inda ake samun esfireso da abin haɗawa. Unguwar Italiya ma tana da tata. Unguwar Maroko, wadda aka buɗe a 1984 kuma Sarki Hasan na Biyu ya aiko da magina suka yi mata ado, ita kaɗai ce ta Afirka a cikinsu, kuma wanda ya gaji da hayaniya zai samu inuwa a lungunanta. A Animal Kingdom akwai ɓangaren Afirka da aka gina kamar wani gari na bakin tekun Afirka ta Gabas, da rubuce-rubucen Suwahili a bango, kuma a nan ne rumfar Kusafiri take. Wanda yake son ya zauna a kawo masa a natse, gidan abinci na Kona Cafe da ke otal ɗin Polynesian ya yi suna da gahawar Kona ta tsibirin Hawai.

A wajen ƙofa kuwa, Fulorida cike take da mutanen Kuba da na sauran tsibiran yankin, kuma ƙananan shagunansu suna sayar da wata 'yar gahawa mai kauri da sukari wadda suke kira kafesito. Ta fi ta cikin dandali araha nesa ba kusa ba.

ZANCEN KUƊI

Kofi guda na latte a cikin dandali yakan wuce dala 5. In mutum biyu za su sha sau biyu a yini har kwana biyar, an tasam ma dala 100 ke nan ko fiye. Mai karatu ya buga wannan da canjin yau ya gani.

Akwai hanyoyin rage wannan. Dokar Disney ta yarda baƙo ya shiga da abincinsa da abin shansa, muddin ba giya ba ce kuma ba a cikin kwalba take ba. Ke nan filas ɗin ƙarfe ya wadatar. Ɗakunan otal ɗin Disney suna da injin dafa gahawa da ƙunshinta kyauta. Akwai kuma wani kofi na roba da mazauna otal ɗin suke saye sau ɗaya su yi ta cikawa har su tashi, amma a otal kawai yake aiki, ban da cikin dandali. Ruwan sanyi kuwa kyauta ne a wuraren sayar da abinci na tsaye, sai dai in ba ka tambaya ba.

Kada wani ya wahalar da kansa da ɗaukar butar lantarki daga nan. Wutarmu bolt 230 ce, tasu 120, saboda haka butar ba za ta tafasa ruwa yadda ya kamata ba. Wanda kuma ya yi guzurin goro ko garin gahawa, lalle ne ya bayyana su ga ma'aikatan kwastan a filin jirgi, domin dokar Amurka ta tilasta a faɗi duk wani abinci ko amfanin gona da aka shigo da shi, kuma ɓoyewa tana jawo tara.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Wasu rumfunan suna sayar da gahawar da aka zuba wa barasa, kuma a allo ɗaya ake rubuta ta da sauran. Duk inda aka ga sunan Baileys ko Kahlúa, ko aka ga an rubuta Irish coffee, to akwai giya a ciki. Wanda bai gane abin da aka rubuta ba ya tambaya kafin ya biya, kada kunya ta hana shi.

Sa'an nan a kula da masu ƙanƙara da kirim a sama, waɗanda yara suke kwaɗayi. Sukarin da ke cikin babban kofi guda na irinsu yakan fi na kwalbar lemo, ga kuma kafeyin. Mai ciwon sukari ya yi nesa da su.

Game da yawan sha, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce miligiram 400 na kafeyin a yini shi ne iyakar da ba ta cika cutar da babba mai lafiya ba. Ƙaramin kofi guda yana ɗauke da wajen miligiram 95, amma kofunan Amurka manya ne, wani ya ninka wannan sau biyu ko fiye. Mace mai ciki likitoci sun ce kada ta wuce miligiram 200. Wanda yake cin goro ya tuna cewa lissafin guda ne, ba a ware goro daban. Mai hawan jini ya shawarci likitansa tun kafin ya tashi. Kuma tunda rabin kafeyin ɗin da mutum ya sha yana nan a jikinsa bayan kamar sa'a 5, wanda ya sha da magariba shi da barci sai tsakar dare, ga shi gobe akwai wani sammakon. A zafin Fulorida kuwa, kowane kofi a bi shi da ruwa mai yawa.

A ƙarshe, ya kamata a san cewa arabikar nan da ake saye da tsada a Orlando tana fitowa a ƙasarmu, a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Cibiyar binciken koko ta ƙasa, wadda aka kafa a 1964 kuma hedkwatarta take Idi-Ayunre kusa da Badun, ita ce aka ɗora wa binciken gahawa da goro da ganyen shayi, tana kuma da reshe a Mambila. 'Yan kasuwarmu da suka ƙware wajen zaɓen goro da adana shi da kai shi nesa, in sun je can sun ga abin da ake biya a kan kofi guda, ya kamata su dawo da tunani a kan wannan.

Masu niyyar tafiya, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.