Kare Muhalli a Ma'aikatun Gwamnati: A Fara Buɗe Littafin Sito

Na shafe shekaru masu yawa ina riƙe da makullin sito a wata ma'aikatar gwamnati kafin in ajiye aiki in koma gona a Maska. Duk abin da ya shiga ma'aikatar nan sai da ya bi ta gabana na sa masa hannu: takardu, kujeru, ƙwan fitila, tayoyin mota, katan-katan na ruwan roba da durom-durom na man dizal. Duk abin da ya mutu kuma, wurina ake dawo da gawarsa. Saboda haka idan na ji a rediyo an ce wata hukuma ta rungumi aikin kare muhalli, hoton shugabanta riƙe da shebur ba ya gamsar da ni. Littafin sitonta nake so a buɗe mini.

Ina tuna wata damina da aka yi bikin dashen itatuwa a harabarmu. An kafa rumfuna, an tayar da janareta tun hantsi saboda lasifika, an raba ruwan leda buhu-buhu, manyan baƙi suka dasa bedi, aka yi tafi aka watse. Ba a ware ko kwabo na shinge ko na ban ruwa ba. Kafin kaka awaki sun gama da dashen, ledojin kuwa suna nan maƙale a jikin waya har rani. A cikin wannan makon ne kuma na karɓi kwalayen ƙwan fitila mafi araha a kasuwa, waɗanda na san ba za su ga ƙarshen shekara ba, na shigar da su littafi, domin takarda cewa ta yi a kawo ƙwan fitila, ɗan kwangila kuwa ƙwan fitila ya kawo. Ban cire kaina daga laifi ba. Da hannuna na karɓa.

Gwamnati ita ce babbar mai saye a ƙasar nan, kuma inda ta kai kuɗinta, nan kasuwa take karkata. Mu mutanen wannan yanki mun ga haka da idonmu. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya sayo takin zamani da ingantaccen irin masara, ya buɗe hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da kayan noma. Cikin 'yan shekaru masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gashi ta zama amfanin gonar da ake loda wa tireloli a Dandume da Bakori da Funtua. Hannun da ya iya sauya abin da manomi yake shukawa zai iya sauya irin fitilar da ake sayarwa da irin murhun da ake ƙerawa, in har ya so.

Ba dokoki muka rasa ba. Tun 2007 aka yi Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati wadda ta haifi hukumar BPP. A watan Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarni mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na abin da ma'aikatun tarayya suke kashewa a kan kayayyaki irin su yunifom da takalma, abinci, kujeru da kayan rubutu ya tafi ga abin da aka yi a gida. A Nuwamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa duniya alƙawari a taron Gilasgo cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa, ya dawo ya sa hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta wajabta wa kowace ma'aikata ta ware sashen da zai kula da wannan batu. A 2024 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta umarci ma'aikatu su koma sayen motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, ta kuma hana amfani da robobin da ake jefarwa bayan amfani ɗaya a ofisoshin tarayya. Sai dai yawancin waɗannan na Abuja ne. Gwamnatin da mutumin Maska yake gani kullum ita ce ta asibitin unguwa, makarantar firamare, rijiyar burtsatse da sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma a nan ne ake rubuta ƙananan takardun da suke yanke hukuncin komai.

Dokar 2007 ta ce a bai wa wanda farashinsa ya fi sauƙi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Mutane sun riƙe rabin farko na wannan jimla, sun saki na biyu. Alhali duk rikicin yana cikin sharuɗɗan ne: wa ya rubuta su, kuma me ya rubuta? Idan jami'i ya rubuta "fitilar titi mai aiki da hasken rana, guda hamsin" ya tsaya, to ya buɗe ƙofa ga batir mafi rauni da faranti mafi ƙanƙanta. Duk wanda ya bi garuruwanmu da dare ya ga sakamakon: turakun fitila a jere kamar masu zaman makoki, wasu an sace batirinsu, wasu ƙurar hunturu ta rufe farantinsu babu mai gogewa, wasu kuwa suna kamawa bayan magariba su mutu kafin a fito daga sallar isha'i. A lissafin ofis an kare muhalli, an kuma biya kuɗi. A ƙasa kuwa an ƙara wa gari tarkacen ƙarfe da matattun batura masu dalma, waɗanda yara suke fasawa su kai wa 'yan gwangwan. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Farashin da ya kamata a kwatanta shi ne abin da kaya zai ci tun daga ranar da aka sauke shi har ranar da za a jefar da shi: mansa, gyaransa, kayan canjinsa, da inda za a kai shi in ya mutu.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa a wurinmu, domin akwai misali a ƙananan asibitocinmu. A da, firjin ajiye allurar rigakafi da kananzir yake aiki. Daga baya aka kawo mai sola da batir, batirin ya riƙa mutuwa yana tafiya da firjin. Irin wanda ake rabawa yanzu da tallafin ƙungiyar Gavi da UNICEF ba shi da batir sam. Da rana yana daskarar da ruwan da ke cikin jikinsa, sanyin ya riƙe maganin har gari ya waye. Ba a sayen kowane firji sai wanda yake cikin jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada ta amince da shi, kuma cinikin ya haɗa da kafawa da koyar da ma'aikaci da garanti. Rana ɗaya ce take haska firjin da fitilar titi. Abin da ya raba su shi ne takardar da aka saye su da ita.

Babban aiki ma ba ya tsira daga wannan. A arewacin jiharmu, a Lambar Rimi, an kafa turakun samar da lantarki daga iska guda 37 masu ƙarfin megawat 10, aikin da aka faro tunaninsa tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. Ya shafe fiye da shekara goma ba a kammala shi ba, har da sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disamban 2012. Niyya mai kyau ce, amma sayen na'ura abu ɗaya ne, tanadin tsaronta da kayan gyaranta da wanda zai gaje ta wani abu ne dabam.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba, ni kuwa tsohon ma'aikacin sito ne, zan faɗa. Man janareta yana da masoya. Kowane wata ana rubuta shi, babu mai auna abin da injin ya sha, kuma tsakanin abin da ke cikin takarda da abin da ya shiga tanki akwai gidajen da suke cin tuwo. Rana ba ta ba da rasit. Duk shugaban da ya ce zai mayar da ofishinsa kan sola ba tare da ya fara sa awo a kan janareta ba, zai tarar da farantan sun "lalace" ba da daɗewa ba, an koma gidan jiya. Ga masu cewa muna fama da 'yan bindiga da tsadar abinci, ina mu ina maganar muhalli, amsata ita ce tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace lita da ofis ya ƙona a banza kuɗin magani ne ko na alli.

Abin da ya fi damuna a matsayina na manomi shi ne itacen girki. Makarantun kwana da gidajen gyaran hali suna dafa abincin ɗaruruwan mutane sau uku a rana, galibi a kan murhun duwatsu uku, kuma ɗan kwangila ne yake kawo itacen mota-mota. Ba a tambayarsa inda ya saro. Mu da muke ƙauye mun san amsar: ɗorawa da kaɗanya da tsamiyar da kakanninmu suka bari a tsakiyar gona. Ga shi kuwa yankin nan yana zubar da totuwar masara da ɓuntun shinkafa, da karan auduga da tun zamanin Turawa ake umartar manomi ya tuge ya ƙone bayan girbi saboda ƙwari. Ana iya cura waɗannan su zama makamashi, kuma maƙeranmu za su iya ƙera murhu mai tattalin wuta. Abin da ya hana matashi ya zuba jarinsa a wannan sana'a shi ne rashin tabbacin mai saye. Da ma'aikatar ilimi za ta ce daga shekara mai zuwa makarantun kwana kaza ba za su karɓi ɗanyen itace ba, da an ga masana'antu sun tsiro. Haka Indiya ta yi da ƙwan LED: wani kamfanin gwamnati ya riƙa sayensa miliyan-miliyan a lokaci guda, farashin ya faɗo daga rufi 310 a 2014 zuwa rufi 38 a 2016, har talaka ya iya saye.

Auduga ma haka. Maska tsohuwar cibiyar saƙa da rini ce tun kafin zuwan Turawa, Funtua da Malumfashi kuma da injinan gurza suka yi suna, ga masaƙa a Funtua. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya zo Katsina ya ƙaddamar da rabon irin auduga, aka kuma yi alƙawarin cewa masu kayan sarki za su riƙa ɗinki da yadin gida. To, zanin gadon asibitocinmu da yunifom ɗin 'ya'yanmu fa? Sau da yawa yadin roba ne da ya tsallako teku, mai zafi a jiki, wanda ba ya ruɓewa in ya tsufa. Ba na cewa duk abin gida tsarkakakke ne. Auduga tana shan feshi, kuma na sha ganin galan ɗin maganin ƙwari ya koma na ɗiban ruwa. Amma mai sayen da yake kusa da gona shi ne zai iya gindaya sharaɗi, ya ce zai saya da daraja idan an rage feshi an kuma tattara galan-galan ɗin. Ba za ka gindaya wa masaƙar da ke wata nahiya sharaɗi ba.

Game da leda, magana ɗaya ta isa. Sharar gari da muke saye mu kai gona a matsayin taki yanzu rabin aikinta tsintar leda ne, mahauta kuma sun san abin da suke fitarwa daga tumbin shanu. Ofishin da ya sayi randa ko tankin ruwa mai tsabta da kofuna ya daina ba da gudunmawarsa ga wannan ɓarna tun daga ranar.

Roƙona ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da shugabannin ƙananan hukumomin Funtua, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da maƙwabtansu ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko taron bita a otal. Kada a sayi na'ura sai takardarta ta faɗi shekarun garanti da wanda zai gyara ta a nan kusa, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har kayan ya yi damina da rani yana aiki. Kowane aikin sola ya zo da layinsa na gyara a cikin kasafi, ko da albashin yaron da zai riƙa goge faranti ne. A mayar wa mai kawo batir tsohon da ya mutu kafin a karɓi sabo. Sannan a ƙarshen kowane wata uku a liƙa takarda a bangon sakatariya: ga abin da aka saya, ga inda aka kai shi, ga litar man da aka ƙona, ga ranar da garanti zai ƙare. Ranar da aka liƙa irin wannan takarda a Funtua, zan hau babur daga Maska da tabarau a aljihu in je in karanta ta layi-layi, domin har yanzu ban manta yadda ake haɗa lissafin sito ba.