Na'ura Mai Balaga, Ruwaya Babu Isnadi



A watan Yunin 2023, wani alƙali a birnin New York na ƙasar Amurka ya ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar dala 5,000, saboda sun kafa hujja a gaban kotu da shari'o'i shida waɗanda, da aka bi diddigi, ba a taɓa yin ko ɗaya daga cikinsu ba. Manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT ce ta ƙaga su, har da sunayen masu ƙara, kuma da aka sake tambayarta ko sahihai ne, sai ta ce ƙwarai kuwa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami, ya ji yadda ma'abota hadisi suke tuhumar ruwaya, suna bin isnadi mutum bayan mutum kafin su amince da matani, ba zai rasa gane wannan illa ba.

To, a jami'a, mutumin da wannan illa take fara yi wa sallama shi ne ma'aikacin laburare, domin shi ɗalibi yake zuwa wa da 'yar takarda yana neman wata maƙala da na'ura ta ambata masa, ya duba wannan kundi, ya duba wancan, daga bisani ya ɗago kai ya ce, "Ai wannan ba a rubuta ta ba." Sai dai gane ƙarya ɗaya daban, sanin yadda ƙirƙirarriyar basira take aiki kuma daban. Leo Lo, wanda a lokacin yake shugabantar ɗakunan karatu na Jami'ar New Mexico, ya tambayi ma'aikatan laburaren jami'o'i su 760, galibinsu a Amurka, a shekarar 2023, kuma abin da ya fito shi ne fahimtarsu matsakaiciya ce, gogayyarsu da waɗannan manhajoji kaɗan ce, alhali damuwarsu game da ɗa'a da sirrin masu karatu babba ce.

Ƙa'idoji kam akwai su. Tun Nuwamban 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da shawarwari kan ɗa'ar wannan fasaha. Amma takarda ba ta koya wa mutum bincike, kamar yadda mallakar littafin fiƙihu ba ta mai da mutum faƙihi, sai ya durƙusa gaban wanda ya riga shi. Wannan ce hikimar wata cibiya da Jami'ar Loyola Marymount ta Los Angeles ta buɗe a 2014, inda aka riƙa ɗaukar ma'aikatan laburare kimanin ashirin a shekara, a horar da su dabarun bincike, kowa ya koma bakin aikinsa da mas'alarsa, daga baya kuma aka shiga haɗa kowane ɗaya da jagoran da zai riƙa bibiyarsa har shekara ta zagayo.

Mene ne aikin jagoran? Galibi datsewa ne. Almajiri zai zo da buri mai faɗin sararin sama, ya ce zai binciki tasirin na'ura a kan ilimi baki ɗaya, malamin kuwa ya saurare shi da haƙuri, sa'an nan ya ce, "A'a, ɗauki madogara ɗari da ta bai wa ɗaliban aji ɗaya, ka ƙirga mini nawa ne ke da asali." Shi ne kuma zai tsare shi da tambayar da mai zumuɗi yakan manta: shin ɗaliban nan an nemi yardarsu? Amsoshinsu da kake shirin zuba wa na'urar don ta taƙaita maka, ka san hannun wa za su faɗa? Sau da yawa a nan almajirin yakan yi shiru, ya janye hannunsa daga kan kwamfuta, ya ɗauko alƙalami.